Rumfar Inabin Chindo

Ilimi haske ne, kuma masana sun tabbatar yana shiga mutum ta ƙofofi da yawa. Na Chindo ta ƙeya ya shige shi, domin duk shekarun da ya yi yana tuƙa motar wani froje, wato shirin dashen itatuwa, injiniyoyin a kujerar baya suke zama.

Da froje ya ƙare aka karɓi makullin mota, Chindo ya dawo gida Agiye da hular rana mai faɗi, da wasu kalmomin Faransanci da bai damu da inda ya ajiye su ba, da kuma cikakken yaƙini cewa garin nan bai taɓa iya shuka ba tun da aka kafa shi. A fadar da muke shan shayi a bakin titi, shi ya fara kiran kansa Injiniya. Mu ma muka bi, tunda suna ba ya cin hatsi.

A tsakar gidansa akwai rumfa: dirkoki na itace, zana a sama. Ba abin kallo ba ce, amma ita ce duniyar matarsa Habsatu. Nan take girki, nan take tankaɗe, nan take karɓar baƙi. Idan bazara ta kama, ɗakunan kwano suka koma tanda, duk mai rai a gidan nan ƙarƙashinta yake tarewa, har kaji.

A farkon bazarar bana aka aiko cewa ɗiyarsu ta fari, Nazira, za ta zo goyon ciki. Tana auren Faruku, ɗan wani makiyayi mai mutunci da ake kira Sajo, can wajen Gangara. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yi, taron mata na suna kuma a tsakar gidan Habsatu zai kasance, a daidai lokacin da rana ke nuna wa mutane ita wace ce. Habsatu ba ta nemi abu mai yawa ba. Ta ce wa mijinta a ƙara zana a kan rumfar, don kada surukai su zo su rasa inda za su zauna.

Chindo ya dube ta da irin tausayin da likita ke yi wa wanda ya zo da laya.

"Zana? Mutanen da suka tashi cikin ciyawa, su zo gidan injiniya a zaunar da su ƙarƙashin matacciyar ciyawa? Rumfa mai rai zan yi miki. Inabi zai hau dirkokin nan ya rufe sama. A jikin katanga kuma fulawa, irin ta gidajen manya a Yamai. Baƙuwa tana zaune, sai dai ta miƙa hannu ta tsinka ta kai baki."

"To, Allah ya nuna mana daminar lafiya," in ji Habsatu.

"Wace damina? Gobe zan fara."

Habsatu ta ajiye rariyar da ke hannunta.

"Malam, a bazara? Ko lalle sai damina ta zauna ake kafa shi."

"Nan ne jahilci ya yi wa garin nan katutu. Kowa sai ya jira ruwa, kamar taron kasuwa. Ke kin san abin da itace yake ci? Rana. Da kunnena na ji babban injiniya ya faɗa, tsakanin Tasawa da Gazawa. Fotosantez ake ce mishi. To ki gaya mini, yaushe abincin ya fi yawa, yanzu ko lokacin da hadari ya rufe sama? Tsiro kamar ɗan lakol ne, ɗan makarantar boko. Wanda ya riga kowa zuwa, shi ke zama a gaba."

"Wanda ya je lokacin hutu fa? Ai ƙofa zai tarar a kulle."

Chindo ya gyara zaman hularsa. A ganinsa, amsa irin wannan tambaya rage wa ilimi daraja ne.

Washegari ya hau taksin Maradi. Mai sayar da dashe a bakin hanya, wanda rabonsa da ganin mai saye tun kaka, ya tambaye shi ko ajiyewa zai yi har a yi ruwa. Chindo ya gane nan take cewa dabara ce ta 'yan birni, so yake ya hana shi kayan kirki. Sai ya ninka abin da ya yi niyya. Aka ɗaure tsirran a saman taksi cikin baƙaƙen ledojinsu, suka sha iskar bazara tun daga Maradi har Agiye. Da aka sauke su, rabi sun riga sun yi sallama da ganyensu. Chindo ya ce suna sabawa da yanayi ne.

Aikin farko da ya yi shi ne kwance zanar rumfa kakaf, don inabi ya ga inda ake so ya nufa. Ya haƙa rami a gindin kowace dirka. Ya ja dogon kwari a gindin katangar laka da ta raba gidansa da na Gwaggo Rahina, ƙanwar mahaifinsa, tsohuwa mai carbi da garken awaki. Nan ya jera fulawar, wadda ya ce sunanta bugambil. Unguwa ta kasa furtawa, ta sa mata 'Yar Yamai.

Ban ruwa kuma da tsakar rana yake yi, bisa hujjar cewa a lokacin ne shi kansa yake jin ƙishirwa. Jibrilla mai ga-ruwa, wanda a da sau ɗaya yake leƙa gidan, ya koma kamar ɗan gida. Kafin a jima ya sa wa kurarsa sababbin tayoyi, ya fara gaishe mu da hannu ɗaya.

Tsirran dai ba su nuna godiya ba. Ganyen da ya saura ya nannaɗe kamar taba. Chindo ya yi kwana biyu yana zagaya su hannu a baya, sannan ya samo mafita. Ya ɗauko zanar da ya kwance, ya kakkafa 'yan sanduna, ya yi wa kowane tsiro ɗaki nasa na kansa.

Haka aka wayi gari tsirran inuwa suna cikin inuwa, Habsatu kuma tana tuƙa tuwo a rana da faifai a ka.

A fada, Hambali tela, wanda Allah ya hore wa baki fiye da zare, ya miƙa masa kofin shayi cikin ladabi.

"Injiniya, mun ji ka yi musu rumfa. Ba rana suke ci ba?"

"Sun ƙoshi," in ji Chindo.

"Af. To ita uwargida fa?"

"Kai ɗinkin aljihu ka sani. Bar wa masu abu abinsu."

Sai dai akwai wasu a garin da suka fahimci aikin Chindo tun farko, suka kuma yaba. A bazara, daga Agiye har inda ido ya tsaya, babu wani abu kore a ƙasa. Labarin ɗanyen ganye ya zaga cikin awakin gari da saurin da ko labarin rabon taki bai taɓa yi ba a cikin mutane. Suka fara taruwa a ƙofar gidan tun da hantsi, suna tsaye shiru kamar masu jiran albashi. Duk wanda ya yi sallama ya tura ƙyaure, da rakiya yake shiga. Na Gwaggo Rahina kuwa ba su wahalar da kansu da zagaye ba. Kan turmi suke hawa, su ɗora haɓa a kan katanga, su yi ta kallo.

Ranar da wata jar akuya ta yi wa 'Yar Yamai aski, Chindo ya saka hularsa ya tafi wurin mai unguwa Dikko neman diyyar ɓarna.

Dikko ya saurare shi har ƙarshe, yana gyara zaman buzunsa.

"Chindo, kai ma ɗan garin nan ne. Da damina mai dabba ke tsare dabbarsa. Da rani mai shuka ke tsare shukarsa. Tun kaka aka yi shelar sakin gonaki. Yanzu ƙasa ta bisashe ce."

"Ranka ya daɗe, wannan ba gona ba ce. Jardan ne, lambun zamani."

"Akuyar ta san da haka?"

Chindo ya dawo yana cewa matsalar ƙasar nan shugabanci ne. Ya sa aka kawo masa ƙayar magarya amalanke guda, ya kewaye ɗakunan tsirran da ita, ya kewaye kwarin katanga, ya ƙara wani layi saboda tsaro. Abin da ya rage na tsakar gida wata 'yar siririyar hanya ce daga zaure zuwa ɗaki, daga ɗaki zuwa murhu. Zannuwan Habsatu suka fara zuwa wurin Hambali ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa har yau Hambali ba ya yarda a ce aikin bai amfani kowa ba.

A cikin haka Nazira ta iso, ciki ya tsufa. Ta tsaya a bakin zaure tana duban gidan da ta tashi a ciki.

"Baba, ta ina ake wucewa?"

"Ki bi a karkace."

Ta gwada. A karkace ta fi faɗi. Sai da aka janye ƙayar gefe guda kafin ta kai ɗaki, Chindo yana tsaye yana roƙon a yi a hankali, ba a dai tabbatar da wa yake nufi ba.

Ruwan da ake kwararawa kullum a gindin busasshen itace ya jawo wasu baƙin da ba sa sallama. Habsatu ce ta fara ganin zanen jar ƙasa yana hawa jikin dirkoki.

"Malam, gara ta kama rumfar nan."

"Alama ce ƙasa ta farfaɗo. A froje murna ake yi in an gan ta."

Ya ƙwanƙwasa dirka ɗaya da ɗan yatsa. Ta amsa da murya irin ta kalangu.

"Kin ji? Ƙarfe."

Daga bayan katanga kuma Gwaggo Rahina ta ɗaga murya.

"Chindo! Katangar nan ta fara gumi ta wajena. Mi kake ba ta?"

"Gwaggo, danshi ne na zamani, ba ya komai."

"Ubanka ya gina ta da hannunsa, ko da damina rufa mata kai yake yi. Kai ka zo kana jiƙa mata ƙafa da rani. To, Allah ya shirya."

"Amin, Gwaggo," in ji shi, domin gwaggo ba a yi mata Faransanci.

Nazira ta sauka lafiya, aka sami namiji. Da 'yan barka suka ragu, Habsatu ta sami mijinta a bakin ƙayarsa. Wannan karon ba da wasa ta zo ba.

"Malam, ga angona ya iso, ba ni da inda zan shimfiɗa masa tabarma. Mutanen Gangara za su zo da matansu da tsofaffinsu. Uwar Faruku ba ta taɓa taka gidan nan ba sai wannan karon. In ta zauna a rana, ba kai za a zaga ba, ni za a ce ban san darajar baƙo ba, yarinyar nan kuma ita za ta koma cikinsu da abin gori. Ka ba ni zanata."

"Ranar suna da safe za a cire ta gaban jama'a. Inogirasiyo, wato bikin buɗewa. Daga nan ba za ki ƙara bukatarta ba."

"Inabin ya kai sama?"

"Yana hanya."

Babu wanda ya san gaskiyar wannan magana, don tun da aka kafa ƙaya ba mai leƙa ɗakunan sai shi da mai ga-ruwa. Muka tsare Jibrilla a fada.

"Akwai ganye?"

"Akwai."

"Da yawa?"

"Akwai dai," in ji Jibrilla, ya tura kurarsa. Mutum ba ya rushe kasuwarsa da bakinsa.

Ranar suna da sassafe mutanen Gangara suka iso. Sajo na gaba, dogo, siriri, da sanda a kafaɗa, yana jan wani farin rago mai ƙaho kamar an murɗa igiya. A bayansa Faruku, sai matar Sajo, Kadi, da sauran mata, da ƙoren nono a ka. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka tambayi shanu, aka tambayi zafi. Sajo ya nemi inda zai ɗaure ragon a waje.

"A waje? Ragon jikana?" in ji Chindo. "Kawo shi."

Ya ja ragon har tsakar gida, ya ɗaure shi a babbar dirkar rumfa da irin ƙullin da ake ɗaure kaya a saman mota.

"Wannan ko raƙumi aka ɗaura mata, sai dai ya haƙura."

Liman ya yi addu'a a ƙofar gida, aka raɗa wa yaro Abdulrahaman, aka shafa, aka raba goro da dabino. Mahauci ya fara wasa wuƙa. A nan ne Chindo, cikin farar babbar riga da hular rana a sama, ya ɗaga hannu ya ce kada kowa ya tafi, akwai abin tarihi a ciki. Maza suka yi ta noƙewa, don ba a saba kutsa kai tsakar gidan mutum ba ranar taron mata. Chindo ya matsa mana. Muka shiga a jere ta siririyar hanyar, kowa yana tattare rigarsa. Mata suka ja baya suka cika ƙofofin ɗakuna.

A bakin shingen ƙaya ya ɗaura wani tsohon kallabin Habsatu daga wannan gefe zuwa wancan. Ya miƙa wa Sajo almakashi. Sajo ya dubi almakashin, ya dubi kallabin, wanda a ganinsa bai yi laifin komai ba, amma kunyar suruki ta sa ya yanke.

Chindo ya yi jawabi. Ya yi magana a kan hamada, da ci gaba, da mutanen da suke zaune suna jiran sama ta yi musu komai. Ya ce daga yau za a raba tarihin Agiye gida biyu. Ya ce wanda ya so koyo, ƙofarsa a buɗe take. Sannan ya bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya yana fizge zana.

A ɗaki na farko akwai sanda. A na biyu ma sanda ce, amma ta fi ta farko gajarta. A na uku babu komai sai rami mai laima da leda. A gindin babbar dirka ne aka sami inabin: ya kai gwiwa, da ganyensa da za a rufe da hula ɗaya. A jikin katanga kuma 'Yar Yamai ta yi abin da za ta iya, ta fito da ɗanyen toho kore shar a kan ƙayoyinta.



"Injiniya," in ji Hambali, "a tsaye za a tsinka, ko sai an durƙusa?"

Sajo, da yake mutum ne mai kara, ya ga bai kamata a bar suruki shi kaɗai ba. Ya sunkuya ya duba inabin da kyau.

"Masha Allahu," ya ce. "Yaro ne tukuna."

Akwai dai wanda abin ya burge da gaske. Ragon nan tun kaka rabonsa da ganin kore, ya kuma tako daga Gangara cikin ƙasar da ko tsinke sai an nema. Inabin da ke gindin dirkarsa ya gama da shi kafin Chindo ya rufe baki, lauma ɗaya da ɗan ƙari. Sannan ya ɗaga kai ya hango tohon da ke jikin katanga. Ya ja da baya, ya tattara ƙarfinsa, ya zabura.

Ba za a ce dirkar ta karye ba. Ta dai daina zama dirka. Wani jan gari ya zubo daga cikinta, sauran dirkokin suka dubi juna suka ga ba amfanin tsayawa. Gaba ɗaya itacen rumfar ya karkata a hankali, cikin natsuwa, ya jingina da katanga. Katangar kuwa, wadda aka daɗe ana jiƙa wa ƙafa, ba ta yi gardama ba. Ta zauna kamar tsohuwar da ta gaji da tsayuwa.

Da ƙura ta lafa, sai ga Gwaggo Rahina a kan tabarmarta da carbi a hannu, tana fuskantar jama'a. A gefenta awakinta ne a jere.

"Ina kwananku," in ji ta. "An raɗa suna?"

Awakin ba su jira amsa ba. Katangar ta faɗo ne a kan shingen ƙaya, ta yi musu gada. Suka tsallako cikin tsari, manya a gaba. Na ƙofar gida, da suka ji hayaniya kuma suka ga an bar ƙyaure a buɗe, suka shigo ta zaure suka bi ta tsakanin ƙafafun baƙi. Liman ya ɗage rigarsa ya hau turmi.

Chindo ya cire hula ya shiga kora.

"Kai! Kur! Ku tare can! Faruku, kama jar nan!"

Faruku, da yake gaban surukinsa ne kuma gaban mahaifinsa, kunya ta hana shi gudu. Ya bi jar akuyar da tafiyar mutunci, ita kuma ba ta da wannan matsalar. Ragon yana zagaya tsakar gida da guntun dirka a bayansa, yana share duk abin da ya tarar. Chindo ya yi tsalle zai kauce masa, ƙaya ta riƙe babbar riga ta baya, ƙafarsa ta zame cikin kwarin da ya cika da ruwa da asuba. Ya zauna a ciki daram. A nan zaune, laka har ƙugu, ya hango mai unguwa a cikin taron.

"Ranka ya daɗe, yau dai ka gani da idonka!"

"Na gani," in ji Dikko. "Har yanzu ba a yi shelar ɗaure bisashe ba."

Kafin a kama ragon, ba abin da ya saura a jardan sai ledoji, su ma wata baƙar akuya tana duba lamarinsu.

Maza suka fice suna tari irin na wanda dariya ta shaƙe. Rana ta ɗaga. Daga waje an fara jin sallamar mata masu zuwa suna, da ƙwarya da kwano. Habsatu ta fito ta tsaya a inda rumfarta take a da. Yanzu ba zana a sama, ba ma dirkar da za a ɗora ta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta dai tsaya tana duban inuwarta, wadda ita kaɗai ce inuwar da ta rage a gidan. Kadi, uwar Faruku, tana tsaye a gefe da ƙwaryar nono, ta kau da kai don kada ta ga abin da bai kamata baƙo ya gani ba.

Gwaggo Rahina ta tashi da kyar, ta tako kan ɓaraguzan katangar ɗan'uwanta.

"Habsatu, mi kike tsaye yi? Ga rumfa can babu kowa."

Ta nuna rumfar awakinta. Faffaɗa ce, dirkokinta na ƙirya, a samanta harawar wake ce jibge tun kaka, kauri kamu biyu. Masu ita kuwa sun ƙaura.

Mata suka duƙufa. Aka share, aka kwashe, aka zuba sabon yashi, aka yayyafa ruwan Jibrilla, wanda a karo na farko ya yi aikin da aka gode masa. Aka tsince zanar Habsatu daga cikin laka aka kakkafa ta gefen da rana ke shigowa. Aka shimfiɗa tabarmi, aka turara wuri. Kafin azahar rumfar ta cika maƙil, ana guɗa, ana miƙa jariri daga cinya zuwa cinya. Kadi ta zauna a tsakiya, ta shaƙi ƙamshin harawa, ta ce ita dai tun da take zuwa suna cikin gari ba ta taɓa zama inda hankalinta ya kwanta kamar nan ba. Habsatu ta dube ta da kyau don ta ga ko magana ce a dunƙule. Ba magana ba ce. Sai a lokacin ta zauna.

Awakin suka yini a jardan, suna tuƙa a rana, babu wanda ya ce musu komai.

Da la'asar Chindo ya fito fada cikin wata rigar. Hambali yana sakace da tsinke.

"Injiniya, alkawari ya cika. Ka ce baƙi za su ci inabi. Na ci tumbin ragon nan, kuma wallahi na ji alama."

"Ku yi dariya," in ji Chindo. "Na ce mata za su zauna a inuwa. A rana suka zauna?"

Muka duba, muka ga ta wannan fuskar ba a kama shi da ƙarya ba.

Ruwan shuka ya sauka bayan 'yan makonni. Mai shela ya zaga gari, aka ɗaure bisashe. Faruku ya kawo sababbin dirkoki daga daji, ya kafa wa surukarsa rumfa ba tare da ya haɗa ido da kowa ba. Da damina ta zauna, ƙasa ta sha ta ƙoshi, Habsatu ta tura 'ya'yan soso a gindin dirkokin da ɗan yatsa, ta kafa rassan lalle a gefe, ba jawabi, ba almakashi. Chindo ya wuce ya gani, ya ce aikin gargajiya ne, shi yanzu hankalinsa ya bar kan noma.

Gini ya koma. Gwaggo Rahina ta ce a bar katangar sai rani, kamar yadda kowa ke yi, in ƙasa ta bushe. Chindo ya bayyana mana a fada cewa nan ma jahilci ne: da rani sai ka sayi ruwan kwaɓa laka, alhali ga shi yanzu Allah yana bayarwa kyauta. Ya ce wani injiniyan gine-gine ya taɓa shiga motarsu.

Ranar Laraba, a tsakiyar watan Agusta, ya buga tubalin laka ya shanya su reras a fili. Ranar Alhamis aka yi ruwan da ya fi kowanne a shekarar.